Laccoci 20,000 da Jami'ar Berkeley ta janye: wa aka bar wa aikin?

A ranar 15 ga Maris 2017 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fara kwashe laccocinta daga idon jama'a. Sun haura 20,000, na bidiyo da na sauti, kuma sun shekara da shekaru suna zaune kyauta a YouTube da iTunes U, dandalin laccoci na kamfanin Apple: lissafi, kimiyyar kwamfuta, tarihi, falsafa, ilimin halittu. Duk mai intanet, ko a Oakland yake ko a Zariya, yana iya zama ya saurari malamin da ɗaliban Berkeley ke biyan kuɗi don su saurara. Cikin 'yan watanni aka mayar da su bayan ƙofa, sai mai lambar shiga ta jami'ar ke iya buɗewa.

Jami'ar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun tsakiyar shekarun 1990 take gwada watsa lacca ta intanet, a 2006 ta shiga iTunes U, a 2007 kuma ta fara zuba cikakkun kwasa-kwasai a YouTube, lokacin da yawancin jami'o'i ba su ma fara tunanin hakan ba. Abin da ya tsayar da ita wasiƙa ce daga Ma'aikatar Shari'a ta Amurka mai ɗauke da kwanan wata 30 ga Agusta 2016.

Abin da wasiƙar ta ƙunsa

Binciken ya taso ne daga koken wasu kurame biyu masu alaƙa da Jami'ar Gallaudet da ke birnin Washington, jami'ar kurame da aka kafa tun 1864. Ba ɗaliban Berkeley ba ne. Mutane ne daga cikin jama'ar da aka ce an buɗe wa laccocin, suka zo ɗauka suka tarar babu rubutun magana a ƙasan bidiyo. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta Amurka, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu a 1990, ta ce hukumar gwamnati ba ta da ikon ware mai naƙasa daga hidimar da take yi wa jama'a. Berkeley jami'ar jihar Kalifoniya ce, don haka dokar ta hau kanta.

Masu binciken sun bi abin dalla-dalla. A cikin bidiyo 543 da suka duba a tashar jami'ar ta YouTube, 75 ne kaɗai ke da rubutun da ɗan Adam ya zauna ya yi. Sauran, wasu babu komai, wasu kuma rubutun da na'urar YouTube ke fitarwa da kanta ne, wanda ma'aikatar ta ce kurakuransa sun yi yawan da ba ya isar da abin da malami ke faɗa. Sun kuma duba kwasa-kwasan da jami'ar ke bayarwa a edX, wani dandalin darussan intanet, a nan ne matsalar ta wuce ta kurame. Malami zai nuna jadawali a allo ya ce "kamar yadda kuke gani a nan", ya wuce, makaho ba ya samun komai. Akwai zane-zanen da launi kaɗai ke bambance layi da layi. Akwai takardun da manhajar karanta allo, mai karanta wa makaho rubutun kwamfuta da murya, ba ta iya bi, da lissafin da aka liƙa a matsayin hoto, da mahaɗan da ba sa buɗuwa sai da linzamin kwamfuta, alhali wanda hannunsa ba ya aiki sosai da madannai yake tafiya.

Sai dai a ganina sashen da ya fi muhimmanci a wasiƙar shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, wato bayanin yadda ake haɗa kwas ɗin tun farko. Berkeley tana da ƙa'ida a rubuce. Tana da ofishin da ke taimaka wa malamai shirya darasin intanet, tana da ma'aikatan da suka san aikin. Amma malami na iya zaɓar ya haɗa kwas ɗinsa da kansa, ba tare da ya bi ta wannan ofishi ba. Daga Yulin 2015 abin da aka ƙara shi ne a ba shi takarda ya sa hannu cewa ya karanta jagororin sauƙaƙa darasi kuma ya yi aiki da su. Babu wanda ke bi ya duba. Farfesan kimiyyar sinadarai da bai taɓa jin muryar manhajar karanta allo ba a rayuwarsa, an miƙa masa takarda, ya sa hannu da zuciya ɗaya, ya ɗora bidiyonsa. An yi ba a yi ba.

Kuɗi, da kuma wanda aka zarga

Amsar jami'ar ta fito ta bakin mataimakiyar shugabanta mai kula da karatun digirin farko, Cathy Koshland. A Satumbar 2016 ta ce gyara tsofaffin laccocin zai ci kuɗi mai yawa, a Maris 2017 ta sanar da janye su. Hujjar kuɗin ba ƙarya ba ce. A shekarar 2016 shugaban jami'ar, Nicholas Dirks, ya bayyana giɓin kasafi na kusan dala miliyan 150. Kamfanonin da ke rubuta maganar bidiyo da hannu a lokacin suna karɓar dala ɗaya zuwa sama a kowane minti. Idan muka ƙaddara kowace lacca minti 50 ce, laccoci 20,000 sun kai minti miliyan ɗaya, wato aƙalla dala miliyan ɗaya a rubutun magana kaɗai, ba a zo kan bayanin zane da jadawali don makafi ba, wanda ya fi wuya ya fi tsada. Jami'ar ta kuma ce laccocin sun tsufa kuma ba a cika kallonsu ba. Tun 2015 ma ta daina sakin sababbi ga jama'a.

Da labarin ya bazu, fushin mutane da yawa a intanet bai sauka kan jami'ar ba. Kan kuramen ya sauka: mutum biyu sun hana duniya karatu kyauta. An bar jaki ana dukan taiki. Masu koken ba su nemi a sauke ko bidiyo ɗaya ba, kuma Ma'aikatar Shari'a ba ta ba da umarnin saukewa ba. Gyara ta nema. Janyewa zaɓin jami'a ne, domin shi ya fi arha. Wasu masu kishin adana bayanai, ciki har da kamfanin LBRY, sun yi maza sun kwafe laccocin kafin a rufe su, suka ci gaba da yawo a intanet yadda suke, ba rubutu. Mai ji bai yi asarar komai ba sosai. Kurma yana nan inda yake.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna wane gari ne Berkeley. A nan ne Ed Roberts, wanda shan inna ya shanye masa jiki tun yana ɗan shekara 14, ya shiga jami'a a 1962, aka ba shi ɗaki a asibitin makarantar saboda na'urar da ke taimaka masa numfashi ba ta shiga ɗakin kwanan ɗalibai. Shi da abokansa ne suka kafa shirin ɗalibai masu naƙasa na jami'ar a 1970, daga nan ne kuma aka kafa cibiyar koya wa naƙasassu dogaro da kai a 1972, wadda aka kwaikwaya a ƙasashe da dama. Jami'ar garin da ya yi suna wajen sassaƙe bakin titi don keken guragu ya hau, ita ce bayan shekara arba'in da 'yan kai ta ga rufe ƙofa ya fi mata sauƙi.

Ba ita kaɗai ba ce. Ƙungiyar kurame ta Amurka ta kai Harvard da MIT kotu a Fabrairun 2015 kan magana iri ɗaya. Harvard ta sasanta a 2019, MIT a 2020, dukansu suka yarda za su riƙa sa ingantaccen rubutu a abin da suke saki. Ita Berkeley sai 21 ga Nuwamba 2022 aka sanar da yarjejeniyarta da Ma'aikatar Shari'a, mai wa'adin shekara uku da rabi. Sharuɗɗan sun nuna inda ma'aikatar ta ga ɓaraka: a gyara duk sabon abu da mafi yawan tsoho, a sake ƙa'idoji, a horar da ma'aikata, a naɗa jami'i guda da alhakin ke wuyansa, a riƙa gwaji, a ɗauko mai bincike daga waje. Kusan dukansu magana ce ta mutum da tsari.

Shigowar ƙirƙirarriyar basira

Watanni biyu kafin wannan yarjejeniya, a Satumbar 2022, kamfanin OpenAI ya saki manhajar Whisper mai mayar da magana rubutu kyauta, wadda aka horar da sautin awa 680,000. Kwana tara bayan yarjejeniyar kuma ChatGPT ya fito. A Maris 2023 manhajar Be My Eyes ta makafi ta fara gwada GPT-4, ƙirƙirarriyar basirar OpenAI, wajen bayyana hoto da baki. Lissafin dala miliyan ɗaya da muka yi a sama ya rushe ke nan: rubutun farko na laccar minti 50 yanzu 'yan mintoci ne a kwamfuta, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mai karatu zai iya cewa da Berkeley ta jira shekara shida da ba ta janye komai ba.

Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, kuma dalilina yana cikin wasiƙar 2016 ɗin kanta. A lokacin ma akwai na'ura; YouTube ta fara rubutun kai-tsaye tun 2009. Ma'aikatar Shari'a ta gan shi ta ƙi karɓa. Na'urar yau ta fi ta wancan lokaci nesa ba kusa ba, amma a duba wannan: mutum na furta kalma kusan 150 a minti, laccar minti 50 ta kai kalma 7,500. Na'urar da ke daidai a kashi 95 cikin ɗari, wanda kowa zai yaba, ta bar kuskure 375 a lacca guda. Shi ya sa masu sana'ar suke auna aikinsu da kashi 99. Kuma kuskuren ba a kalmomin yau da kullum yake taruwa ba. Yana taruwa a sunan sinadari, sunan masanin ƙasar waje, alamar lissafi, wato ainihin kalmomin da za su fito a jarrabawa. Ɗalibi mai ji yana ganin kuskuren ya yi dariya ya wuce. Kurma ba shi da abin da zai gwada rubutun da shi, abin da ya gani shi ne laccar.

Kuskuren kuma ba kowa yake samu daidai ba. Wani bincike na Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2020 ya gwada na'urorin Amazon, Apple, Google, IBM da Microsoft, ya tarar suna kuskuren kalma kusan 35 cikin ɗari a maganar baƙaƙen fata na Amurka, 19 cikin ɗari a ta fararen fata. Malamin jami'ar Amurka kuwa sau da yawa ɗan Indiya ne, ko ɗan Sin, ko ɗan Najeriya, kowa da karin harshensa. A 2024 jagorar wancan bincike, Allison Koenecke, da abokan aikinta suka nuna wata illa ta daban a Whisper: a kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suka gwada, na'urar ta ƙago jimlolin da babu wanda ya faɗe su, kuma hakan ya fi faruwa inda mai magana ke yin dogon shiru. Wanda ya taɓa zama a aji ya san malami na yin shiru duk lokacin da ya juya yana rubutu a allo.

Bayanin hoto ma haka. Ka ba manhaja hoton jadawali, za ta gaya maka akwai layuka biyu, ɗaya shuɗi ɗaya ja, suna hawa daga hagu zuwa dama. Gaskiya ta faɗa. Amma malamin ya sa jadawalin ne don ɗalibi ya lura da wurin da layukan suka haɗu, domin a nan darasin yake. Wannan shi kaɗai ya sani, sai ya faɗa.

Akwai ma kamfanonin da suka mayar da fatan cewa na'ura za ta yi aikin da kanta kasuwa. A Janairun 2025 hukumar kare masu saye ta tarayyar Amurka ta ci kamfanin accessiBe tarar dala miliyan ɗaya, saboda ya yi tallar cewa manhajarsa mai ƙirƙirarriyar basira na iya sa kowane shafin intanet ya cika ƙa'ida da kansa, alhali ba haka ba ne. Shugaban jami'ar da ke cikin matsin kasafi shi ne ya fi kowa saurin sauraron irin wannan talla.

To abin da na'urar ta yi shi ne ta sauya wa aikin wuri. Da can kuɗi ne ake biyan kamfani, ana ganinsa a kasafi, ana iya cewa ya yi yawa. Yanzu ya zama awannin dubawa da gyara, kuma waɗannan awanni ba sa fitowa a kasafin kowa. Suna sauka ne a teburin malami. Jami'o'i da yawa sun sa manhaja irin su Ally a cikin dandalin darussansu, wadda ke duba kowace takardar da malami ya ɗora ta nuna masa alama ja ko kore. Tana da amfani, tana kama hoton da ba bayani da takardar da aka ɗauka da na'urar kwafi. Amma idan alamar ce kaɗai tallafin da aka ba shi, to takardar sa hannu ta 2015 ce ta dawo da sabuwar riga. Malamin da ke son alamar ta zama kore zai danna, na'ura ta rubuta bayanin hoto, ya karɓa bai karanta ba.

Yadda tallafin gaskiya yake

Abin da yarjejeniyar 2022 ta tilasta, da abin da cibiyoyin horar da malamai masu kyau ke yi, ya fi kama da raba aiki. Na'ura ta yi rubutun farko. Ma'aikacin da ake biya don wannan ya gyara tsari, ya raba layuka, ya nuna wa ke magana. Malami ya duba abin da shi kaɗai zai iya dubawa, wato kalmomin fanninsa da manufar zanensa. Idan ya ba da jerin kalmomin kwas ɗin tun farkon zango, aikin sauran biyun na raguwa sosai. Makirufo mai kyau a wuyan riga yana rage kuskure fiye da sauya manhaja.

Wani ɓangaren kuma ba ya buƙatar na'ura ko kaɗan, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi a taron horarwa. Malami ya saba karanta abin da yake rubutawa a allo da baki. Ya daina cewa "wannan" da "wancan", ya kira abu da sunansa. Ya maimaita tambayar ɗalibin da ke can baya kafin ya amsa. Ya rubuta lissafi da manhajar lissafi maimakon ya ɗauki hotonsa. Ya yi amfani da kanun takarda na gaskiya domin makaho ya iya tsallakawa daga sashe zuwa sashe. Malamin da ya saba da waɗannan, rubutun da na'ura ke fitarwa daga laccarsa ma ya fi ma'ana, domin abin da ke allon ya riga ya shiga cikin maganar. Wannan ra'ayi na shirya darasi don kowa tun daga tushe ya girmi ChatGPT da nisa. David Rose da Anne Meyer na cibiyar CAST sun tsara shi a shekarun 1990, sun aro shi daga masanin gine-gine Ron Mace, wanda shi ma a keken guragu yake.

Hanya mafi sauƙi ta shawo kan malami kuwa ita ce a nuna masa waɗanda ke amfana. Wani bincike na Jami'ar Jihar Oregon a 2016, wanda ya tambayi ɗalibai sama da 2,000 a makarantu 15, ya tarar kashi 71 cikin ɗari na waɗanda ba su da matsalar ji suna kunna rubutun bidiyo a wasu lokuta. An yi binciken ne tare da wani kamfanin rubuta bidiyo, don haka a riƙe shi da hankali, amma duk wanda ya yi karatu da harshen da ba nasa ba ya san dalili.

Kash, a zangon da ya biyo bayan fitowar ChatGPT hankalin jami'o'i da yawa ya tafi wani wuri. Taron malamai ya koma kan satar amsa: yadda za a gane rubutun na'ura, yadda za a koma jarrabawar takarda da biro a aji. Kowane irin mataki na wannan yana da wanda yake takawa. Ɗalibin da ke rubutu da murya saboda hannunsa, ko wanda ke amfani da manhajar gyara rubutu saboda matsalar karatu, shi ne na farko da dokar "ba a yarda da kowace irin manhaja ba" ke kamawa. A jami'o'i da dama ofishin da ke koya wa malamai ƙirƙirarriyar basira daban yake da ofishin ɗalibai masu buƙata ta musamman, malami kuma shi ke karɓar saƙonni biyu masu karo da juna.

A Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'idar da ta shafi dukan hukumomin jihohi da ƙananan hukumomi, har da jami'o'in gwamnati: shafukansu da manhajojinsu su cika ma'aunin sauƙaƙa intanet ga masu naƙasa, wato WCAG 2.1, a matakin AA. A yadda aka fitar da ita, manyan hukumomi shekara biyu aka ba su. A daftarin farko an so a keɓe kayan darasin da ke bayan lambar shiga, amma a ƙa'idar ƙarshe aka cire wannan rangwame. Ma'ana, hanyar da Berkeley ta bi a 2017, ta mayar da abu bayan ƙofa ta jira sai ɗalibi ya zo ya nema a gyara masa, ta toshe. Kowace takarda da kowane bidiyo da malami ke koyarwa da shi ya shiga lissafi, ko akwai kurma a ajin ko babu.

Saura tambayar wa zai yi awannin dubawar. A al'adar jami'o'in Amurka, aikin da ya yi wa farfesa yawa kan gangaro kan ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke taya shi koyarwa, da malaman kwantiragi da ake ɗauka zango-zango. A ranar da aka sanar da yarjejeniyar Berkeley, mataimakan malamai da masu bincike kusan 48,000 na dukan rassan Jami'ar Kalifoniya suna mako na biyu a yajin aiki kan albashin da suka ce ba ya biyan kuɗin haya. Sun fita a 14 ga Nuwamba 2022, ba su koma ba sai dab da Kirsimeti.